Abin da ya rage wa Kaka bayan shekara ɗari

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa.

A shekarunta uku na ƙarshe Kaka ta daina gane ni. In na shiga ɗakinta na gaishe ta, sai ta kamo hannuna ta shafa, ta ce, "Kai ɗan wane ne?" In faɗa mata sunan babana, wanda shi ne autanta. Ta yi shiru kamar mai lalube cikin duhu, can ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Kafin in miƙe ta sake tambayata. Ta manta sunayen 'ya'yan da ta haifa, ta manta mijinta ya daɗe da rasuwa, wani lokaci ko ta ci abinci ko ba ta ci ba sai an faɗa mata. Amma da ta ji kiran salla sai ka ga hannunta ya tafi neman dutsen taimamarta a gefen katifa. Ta buga, ta shafi fuska da hannaye, ta ta da kabbara a zaune. Na sha kasa kunne, ban taɓa jin ta tsallake aya ɗaya a Fatiha ba.

Akwai ranar da ta yi La'asar sau uku, don duk ta idar sai ta manta ta yi. Gwaggona da ke jinyarta ta ce, "Iya, kin fa yi salla." Ta ce, "To in na ƙara wa na cuta?"

Ta rasu bayan ta haura shekara ɗari. A wurin gaisuwa kowa maganar shekarun yake yi. Masu cewa Allah ya ba mu tsawon ranta, masu tambayar me take ci, me ba ta ci, wane sirri ne. Har da abokaina. Ni ma na yi ta amsawa da alfahari, kamar ni na yi shekarun. Sai da gida ya watse na zauna ni kaɗai na ga cewa lissafin shekarun shi ne mafi ƙanƙantar abin da ta bari, kuma shi ne kaɗai ba ta da hannu a ciki.

Manzon Allah (SAW) ya faɗa mana, a hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, cewa shekarun al'ummarsa tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke wuce haka. Shi kansa yana da 63 ya bar duniya, haka Sayyidina Abubakar, haka Sayyidina Umar. Mutumin da aka tabbatar da shekarunsa da takardu ya fi kowa daɗewa a wannan zamani wata mata ce 'yar Faransa, Jeanne Calment, an haife ta a 1875 ta mutu a 1997, shekara 122. Ita ma ga shi ana ba da labarinta. Saboda haka duk wanda ya ɗora tubansa a kan tsufa, ya ɗora shi ne a kan abin da ba a yi masa alkawarinsa ba.

Kuma mu daina yi wa tsawon rai kallon daɗi zalla, don na gan shi kusa da kusa. Allah ya ce a Suratur Rum, aya ta 54, ya halicce mu daga rauni, ya sanya ƙarfi bayan rauni, sannan ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfi. Raunin farko kowa na rububin ɗaukarka. Na biyun fa? Kaka ta ga mutuwar mijinta, ta ga ta ƙannenta duka, ta ga ta wasu daga cikin 'ya'yanta da jikokinta. Sa'o'inta suka ƙare ɗaya bayan ɗaya har ya zama duk duniya babu sauran mai kiranta da sunanta. Kowa Iya, kowa Kaka. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, matar da ta yi wa mutum goma wanka ta koma sai an yi mata. Ba banza ba Annabi (SAW) yake neman tsari daga a mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, wanda Alƙur'ani ya siffanta a Suratun Nahl, aya ta 70, da cewa mutum zai koma bai san komai ba bayan ya sani. Kuma a Suratul Baƙara, aya ta 96, an ba da labarin masu kwaɗayin a raya su shekara dubu, aka ce rayarwar ba za ta nisanta su daga azaba ba.

Hadisin nan da muke yawan ji, cewa mafi alherin mutane shi ne wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya yi kyau, rabinsa muke karantawa. A ruwayar Tirmizi daga Abu Bakrata an ci gaba da tambaya, wane ne mafi sharri? Aka ce wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya munana. Shekarun dai iri ɗaya ne, kamar buhu biyu masu girma ɗaya, sai an kwance baki ake sanin na wa ya fi.

In aikin ya yi kyau kuwa, ko shekara ɗaya ba wasa ba ce. Sahabi Ɗalha bin Ubaidullah ya yi mafarki da wasu mutum biyu da suka musulunta tare. Ɗaya ya yi shahada, ɗayan ya ƙara shekara guda sannan ya mutu a kan shimfiɗarsa. A mafarkin sai ya ga na biyun ya riga shahidin shiga Aljanna. Mutane suka yi mamaki, labari ya kai ga Annabi (SAW), sai ya tambaye su: ashe bai zauna shekara guda bayansa ba? Ashe bai riski Ramadan ya azumce shi ba, bai yi sujada kaza da kaza a shekarar ba? To ku ɗauki wannan ma'auni ku auna mai shekara ɗari. Shekara 100 ta lissafin rana kusan 103 ce ta lissafin wata. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana zagaye zafi da sanyi ya dawo inda ya taso cikin kusan shekara 33, ke nan a rayuwar Kaka ya yi wannan zagaye sau uku. Sallolin farilla kuwa, daga balagarta zuwa rasuwarta, ko an cire kwanakin uzuri sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba. Ba ta taɓa ƙirga su ba. Ni ne mai waya da kalkuleta na zauna ina ƙirga mata.

Lokacin da hankalinta bai gushe ba na taɓa tambayarta yadda mutum ke ji in ya daɗe haka a duniya. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, wace daɗewa? Jiya-jiya fa nake yarinya." Na ɗauka zolaya ce. Daga baya na tuna da mutumin nan na Suratul Baƙara, aya ta 259, wanda Allah ya kashe shekara ɗari sannan ya tashe shi ya tambaye shi nawa ya zauna, ya ce yini ɗaya ko wani yanki na yini. Amsar da mutane za su bayar ke nan ranar ƙiyama, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Mu'minun, in an tambaye su shekara nawa suka yi a bayan ƙasa. Wanda ya yi ɗari da wanda ya yi talatin bakinsu ɗaya.

Yanzu ga inda nake son mu tsaya, ni da ku.

Yawancinmu muna da wani tsoho a zuciya da muka ajiye wa addini. In na yi aure zan natsu. In na sami aiki zan kama jam'i. Bari dai in ci zamanina, in furfura ta fito sai masallaci. Mun ɗauka tsufa wani malami ne da zai zo ya koya mana tsoron Allah. Abin da na gani a ɗakin Kaka ya nuna mini tsufa ba ya kawo wa mutum komai, kwasa yake yi. Ya kwashe ƙarfi, ya kwashe gani, ya kwashe sunaye da fuskoki, sai ya bar maka abin da ya fi nutsewa a jikinka. Likitoci ma sun san haka: in mantuwar tsufa ta kama mutum, abin da ya faru ɗazu shi ke fara tafiya, abin da jiki da harshe suka shekara suna maimaitawa shi ke jurewa har kusan ƙarshe. Fatihar da Kaka ke karantawa tana da shekara ɗari, yarinya ce 'yar shekara bakwai ko takwas ta fara ajiye mata ita, budurwa ta ƙara, mai jego ta ƙara, haka har ta zama ba ta buƙatar tunani kafin ta fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na kuma ga ɗaya ɓangaren, ku ma kun gani. Akwai tsohon da in hankalinsa ya fara rawa, ashar ce ke fita daga bakinsa, ko lissafin bashin da yake bin mutane, ko zargin kowa da sata. Ba ina yanke wa kowa hukunci ba ne, ciwo yakan juya halin mutumin kirki, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Amma tambayar ta hana ni barci: ni in tawa ƙwaƙwalwar ta fara zuba, me zai rage? Na duba abin da na fi maimaitawa a yini. Babban yatsana ne yana shafa gilashin waya daga ƙasa zuwa sama. Baitocin waƙoƙin da na haddace ba da niyya ba sun ninka surorin da na haddace da niyya. Ina tsoron ranar da jikana zai shigo ya tarar da ni ina shafa iska da yatsa.

Ku dubi Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Lokacin hijira tana matashiya, ita ce ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Annabi (SAW) da mahaifinta, har aka yi mata laƙabi da mai ɗamara biyu. A shekara ta 73 bayan hijira tana da kimanin shekara ɗari, idonta ya tafi, aka kashe ɗanta Abdullahi bin Zubair a Makka. Hajjaju, shugaban rundunar da ta kashe shi, ya aika a kira ta, ta ƙi zuwa. Ya tako da kansa ya tambaye ta yadda ta ga abin da ya yi wa ɗanta. Ta ce ta ga ya ɓata wa ɗanta duniyarsa, ɗan nata kuma ya ɓata wa Hajjaju lahirarsa. Muslim ne ya ruwaito. Ba a yi kwanaki da yawa ba ta rasu. Zuciyar da ta tsaya gaban Hajjaju ita ce dai wadda ta tsaya gaban Abu Jahil shekara saba'in da wani abu kafin nan, ya mare ta ba ta faɗi inda mahaifinta yake ba. Hali zanen dutse.

Wani zai ce, to waɗanda suka shiryu da girma fa? Akwai su, kuma ƙofar tuba ba ta rufuwa sai rai ya zo maƙogwaro. Kada wanda ya makara ya karanta wannan ya yanke ƙauna. Hakim bin Hizam, ɗan ɗan'uwan Nana Khadija, malaman tarihi sun ce ya yi shekara 120, rabi a jahiliyya rabi a Musulunci, sai a shekarar buɗe Makka ya musulunta. Amma ku lura da abu ɗaya. Tun yana jahiliyya ya 'yanta bayi ɗari, ya ba da raƙuma ɗari. Da ya tambayi Annabi (SAW) ko yana da ladan waɗannan, sai aka ce masa ya musulunta ne a kan alherin da ya gabatar. Bayan ya musulunta ya sake yin kwatankwacinsu. Hannun da ya saba bayarwa Musulunci ya samu, ya gyara masa alƙibla. Kuma mu da aka haifa ana mana kiran salla a kunne, wane uzuri muke da shi irin nasa?

Akwai wani hadisi a Bukhari daga Abu Musa da ya kamata duk matashi ya riƙe. Annabi (SAW) ya ce idan bawa ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa kwatankwacin abin da yake aikatawa lokacin da yake zaune a gida lafiya lau. Wasu malaman tafsiri a kan haka suka fassara ƙarshen Suratut Tin, inda aka ce masu imani da aiki nagari suna da lada marar yankewa: in tsufa ya hana su aikin da suka saba, ladan ba ya tsayawa. Abin kamar fansho ne, kuma kun san ba a biyan fansho ga wanda bai taɓa aiki ba. Da azumi ya gagari Kaka aka koma ciyar da miskini a madadinta, yadda Anas bin Malik ya yi da ya tsufa a Basra. Da tsayuwa ta gagara ta zauna, da zama ya gagara ta kishingiɗa, yadda Annabi (SAW) ya koya wa Imrana bin Husain. Muna fata alƙalamin lada bai taɓa rage mata komai ba. Wanda ya kwashe shekarun ƙarfinsa yana barcin asuba, in ciwo ya kwantar da shi, me za a ci gaba da rubuta masa?

Ibn Rajab ya kawo labarin wani malami da ya haura shekara ɗari da ƙarfinsa da hankalinsa, wata rana ya yi wani wawan tsalle, aka yi masa faɗa, sai ya ce waɗannan gaɓoɓi ne da muka kiyaye su daga saɓo muna yara, Allah ya kiyaye mana su da girma. Labarin yana burge ni, amma ba na son a mayar da shi doka, a riƙa kallon duk tsohon da ya rikice ana cewa alhaki ne. Kaka ta kiyaye gaɓoɓinta iyakar sanina, duk da haka ƙafa ta ƙi, tunani ya tafi. Kiyayewar da Allah ya yi mata a wani wuri ta bayyana.

Kada ku ɗauka wata babbar malama ce. Surorin da ta sani ba su da yawa, ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Abin da take da shi ɗan kaɗan ne da ba ya yankewa, irin wanda Annabi (SAW) ya ce shi Allah ya fi so, wanda aka dawwama a kai ko da ƙarami ne. Raka'a biyu da hantsi, istigfari kafin barci, da wani hali nata na rashin kwana da mutum a ciki. In an kawo mata gulma sai ta ce, "Ni kunnena ya tsufa," alhali a lokacin tana jin faɗuwar allura.

Inda na ga zurfin imaninta kuwa shi ne rasuwar babban ɗanta, wanda shi kansa ya tsufa kafin ya rasu. Da aka faɗa mata ta yi salati, hawaye suka zubo, ta ce, "Mai abu ya karɓi abinsa." Bayan kwana biyu ta manta, ta tambayi me ya hana shi zuwa gaishe ta. Wani ya sake faɗa mata. Mutuwar ta zo mata sabuwa fil, kamar yanzu aka yi. Ta yi salati, ta yi hawaye, ta ce, "Mai abu ya karɓi abinsa." Sau uku ko huɗu haka ta faru kafin Gwaggo ta hana kowa sake faɗa mata. Annabi (SAW) ya ce haƙuri yana wurin bugun farko ne. Ita an maimaita mata bugun farkon, kuma duk lokacin amsa ɗaya ta fito, ba tare da ta tuna ta taɓa bayar da ita ba. Ni da nake da hankalina garau, in intanet ya yi jinkirin minti biyar sai an ji bakina.

Sai maganar yadda muke riƙon tsofaffin da ke hannunmu, kuma a nan da kaina zan fara. Shekarun da Kaka take da bakin ba da labari, ina shiga ɗakinta ne da waya a hannu, in gaishe ta rabin ido a kanta rabi a kan allo, in fita. Mace mai shekara casa'in da ɗoriya, ta san kakannin da ba mu san ko sunayensu ba, ta ga duniya ta juya sau nawa, ban taɓa zama awa ɗaya cur na ce ta ba ni labari ba. Da na farga na zo da tambayoyina, ita kuma ta koma tambayata ɗan wane ne ni. Ranar da ta rasu hotonta ya cika Facebook da WhatsApp, kowa Allah ya jiƙan Kakarmu, har da waɗanda suka shekara biyu ba su leƙa ta ba. Wadda ta yi wankin, ta yi juyin dare, ta amsa tambaya ɗaya sau ashirin ba ta ɗaga murya ba, Gwaggo ce, ita kuwa ko hoto ba ta sa ba. Ayar Suratul Isra'i ta 23 da ta hana mu ce wa iyaye ko "tir", cewa ta yi idan tsufa ya riske su a wurinka. A wurinka, ba a wayarka ba. Ranar buɗe Makka Sayyidina Abubakar ya jawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf makaho, kansa fari fat, ya kawo shi gaban Annabi (SAW). Sai Annabi ya ce me ya sa bai bar dattijon a gida ba, shi ya je ya same shi? Wannan a ranar da gari duka ke hannunsa. In kana da tsoho a gida ko a maƙwabta, tashi ka je yau. Ka bar wayar a aljihu. In ya maimaita labarin da ya ba ka jiya, ka saurara kamar ba ka taɓa ji ba.

Kuma kada wani ya ce shi ba zai kai ɗari ba, don haka maganar ba tasa ba ce. Sa'adu bin Mu'azu bai cika shekara 40 ba, shekarunsa a Musulunci ba su wuce shida ba, amma Al'arshi ya girgiza don mutuwarsa. Imam Nawawi shekara 45 ya yi, daga 631 zuwa 676 bayan hijira, har yau yara na haddace hadisan da ya tara. Su aka ba su gajere suka cika shi, ita Kaka aka ba ta dogo ta cika shi, kuma babu wanda aka sanar da shi tun farko wanne aka ba shi. Abin da aka sanar da mu shi ne mu ribaci ƙuruciya kafin tsufa, lafiya kafin ciwo, da sarari kafin shagala. Ka zaɓi abu ɗaya da za ka iya riƙewa ko ranar da ba ka jin daɗi, asuba a kan lokaci ce, ko shafi ɗaya na Alƙur'ani, ko kame baki daga naman mutane, ka yi ta yi har ya daina zama abin da kake tunawa ya koma abin da jikinka ke nema.

Daren da za ta rasu ba ta iya magana. Carbinta ya daɗe da tsinkewa, amma babban yatsanta yana bin gaɓoɓin sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Gwaggo ta sunkuya tana laƙƙana mata kalmar shahada, sai ta ɗago ta dube mu ta ce, "Ai ta riga ni."

Da aka zo raba 'yan kayanta na ce ni dutsen taimamar nake so. Gefensa ɗaya ya yi sumul, har da ɗan lotsawa inda tafinta ke sauka. Yana nan a kan teburina kusa da cajar waya. Yau da asuba sai da ƙararrawa ta buga sau uku kafin na tashi, amma na sami raka'a ta biyu. Allah ya jiƙan Kaka.